Fodkas: Wane takalmi za mu shiga ruwan Volta da shi?

Awudu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Muna nan unguwar Nima a Accra, ni da Mariama da ƙanena Inusa. Yau ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san abin da ya hana wayoyinmu hutawa tun ranar Juma'a.

Mariama: Takalmi.

Awudu: Takalmi kawai! An gama maganar mota, an gama maganar abinci, an gama maganar kuɗin kwalekwale, ba wanda ya ɗaga murya. Sai da wani bawan Allah ya sa hoton cale wote, wato silifas, a rukuninmu na WhatsApp ya ce shi da wannan zai shiga ruwa a Atimpoku, sai gari ya kama da wuta.

Inusa: Shuɗi ne ma, sabo fil, ko ledar bai cire ba.

Mariama: Ni abin da ya sa na ce mu zauna a kai, saƙonni biyu ne suka zo mana daban. Na farko na 'yan tafiyarmu ta bayan Sallah zuwa Atimpoku a bakin kogin Volta. Na biyu wata 'yar'uwa ce daga Aboabo a Kumasi, aiki zai kai ta Yuganda, abokan aikinta sun ce za su je Jinja su shiga jirgin roba a kogin Nilu. Tana tambaya ko Crocs ɗinta, takalmin soson nan mai huje-huje, ya isa.

Awudu: To ki ga, waɗannan ruwa biyu ne daban, kuma a nan mutane suke rikicewa. Namu na Atimpoku, ƙarƙashin gadar Adomi, ruwa ne da ke tsakanin madatsai biyu. Akosombo na sama, wadda aka gama a 1965, Kpong na ƙasa, wadda ta zo a 1982. Da can akwai wuraren da ruwa ke gudu kan duwatsu a wajen Senchi da Kpong, amma da aka datse Kpong ruwa ya taru ya rufe su. Yanzu shimfiɗaɗɗen ruwa ne mai zurfi, kana tuƙi da filafili kana kallon tsaunuka. Jinja kuwa wani abu ne. Can ruwa ne mai ɗaga jirgi ya kifar da shi da mutum takwas a ciki. Masu harkar suna auna ƙarfin ruwa daga mataki na 1 zuwa na 6, kuma Nilu a can yana da wurare masu mataki na 5. Na 6 ba a kai baƙi.

Inusa: Yaya, kai da ka shiga na Jinja, me ka sa a ƙafa?

Awudu: Tsohon kambas. Wanda nake buga ƙwallo da shi a Kawukudi. Kuma har yau in za ka tambaye ni sau goma, amsata ɗaya ce: abin da zai zauna a ƙafarka ko da ruwa ya juya ka. Shi ne sharaɗin farko, sauran duk bayansa suke. Ka kama takalmin ta baya ka ja da ƙarfi yana ƙafarka. In ya fita, ajiye shi a gida. Ruwa ya fi hannunka ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mariama: Ke nan cale wote ya faɗi tun a nan.

Awudu: Tun kafin a fara. Ba shi da komai a dunduniya, yatsu biyu ne kaɗai ke riƙe da shi. Ba ma sai jirgi ya kife ba. Ka sauko daga kwalekwale ka taka laka a bakin ruwa, ƙafarka ta fito, takalmi ya zauna a ƙasa. Ko ya taso ya bi ruwa, tunda soso ne, ba ya nitsewa. Sai ka ga mutum ya miƙa jiki zai kamo shi, a nan kwalekwale ke karkata. Na ga wannan da idona, babban mutum ya kusa jefa mutum uku a ruwa don ƙafa ɗaya ta silifas.

Inusa: Ƙafa ɗaya! Yaya ka taɓo inda nake so. Ni akwai abin da ya daɗe yana damuna. Ku duba babbar kwatar nan ta Nima in an yi ruwan sama. Cale wote na wucewa, ja, shuɗi, kore, na yara, na manya. Wa ya taɓa ganin ƙafa biyu suna tafiya tare?

Mariama: Wallahi ban taɓa gani ba.

Inusa: Kullum ƙafa ɗaya! To ɗayar tana ina?

Awudu: Tana gida, mai shi ya ajiye bayan ƙofa yana jiran 'yar'uwarta ta dawo.

Inusa: Daga ina za ta dawo? Ta shiga kogin Odaw, ta wuce Circle, ta isa tafkin Korle, tana cikin teku.

Mariama: Kakarmu a Mamobi tana da buhu guda na irin waɗannan. Ba ta yarda a zubar. Ta ce wata rana za a samu wanda ya dace.

Awudu: Kuma ana samu! Ka ga yaro ya fito sayen koko da safe, dama ja, hagu shuɗi, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yana tafiya abinsa ba ruwansa.

Inusa: Shi ya sa a kasuwar gwanjo ta Kantamanto ma ƙafa ɗaya muke bajewa a tebur. Ɗayar tana cikin buhu ƙarƙashin kujera.

Mariama: Ai na ɗauka don ɓarayi ne.

Inusa: Don ɓarayi ne mana. Amma ki yi tunani, Yaya Mariama, in mai tebur a Kantamanto ya haɗa kai da kakarku ta Mamobi da masu tsintar roba a bakin Korle...

Awudu: An kafa kamfani ke nan.

Mariama: Kaka ce shugaba.

Inusa: Ba wanda zai sake tafiya ba takalmi daga Nima har Madina.

Awudu: A masallaci ma fa. Ka fito sallar Juma'a ka tarar da ƙafa ɗaya taka, ɗaya ta wani. Ka tsaya kana jira, shi ma wancan yana can gida yana kallon ƙafafunsa yana mamaki.

Mariama: To ku dawo, ku dawo, 'yar'uwarmu ta Kumasi na jiran amsa.

Awudu: Haka ne. Crocs. Ni ba na ƙin Crocs, ina sa shi a gida. In ka mai da maɗaurin baya, ya fi silifas nesa. A Atimpoku, inda ruwa yake kwance, in shi kaɗai kake da shi, ba zan ce ka fasa tafiya ba. Amma maɗaurin nan sako-sako ne, ba a ƙara masa ƙarfi, kuma takalmin yana da faɗi, ruwa na samun wurin kamawa. Ga shi ba nauyi, yana son tasowa sama. Ruwan Jinja zai cire mata shi a faɗuwar farko. Sannan ƙasansa, in ya ɗan tsufa ya goge, ba abin da ya kai shi santsi a kan jiƙaƙƙen dutse. Don haka 'yar'uwa, ki tafi da shi don bayan an fito, amma ba don cikin jirgi ba. Kuma ki rubuta wa masu jirgin tun kafin ki tashi ki tambaye su abin da suke yarda da shi, don kowane kamfani da tsarinsa, kuma su suka san bakin ruwansu.

Inusa: Maganar santsin nan, bari in shiga, don nan ne wajena.

Awudu: Shiga, amma bari in ƙarasa abu ɗaya, don shi ne mutane ba su sani ba. Yawancin raunin da ake ji a ƙafa ba a tsakiyar kogi ake jin sa ba. A bakin ruwa ne. Wajen shiga, wajen fita, wajen ɗaukar jirgi a zagaye wurin da ba a bi. Duwatsun da ruwa ke taɓawa suna da gansakuka, kore-kore ko baƙi, santsinta kamar miyar kuɓewa. Ka taka da takalmin da ba ya kamawa, kafin ka ce wayyo gwiwarka ta sami dutse. Ka ɗauki Zambezi, ƙasan magangarar ruwan Victoria, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Kafin ka ga jirgi sai ka gangara cikin kwazazzabon Batoka da ƙafarka, zurfinsa ya fi mita 100, in an gama kuma a hau a fito, jiki a gajiye, duwatsu baƙaƙe sun sha rana. Wanda ya je can da silifas ya cuci kansa tun kafin ya taɓa ruwa.

Inusa: Na shiga?

Awudu: Shiga.

Inusa: Yawwa. In kun zo sayen kambas na gwanjo, ku bar kallon sama, ku juya ƙasa. Ƙasan takalmi iri biyu ne. Akwai roba ta gaske, akwai soso mai kama da roba. Ka sa farcen babban yatsa ka danna. Roba mai kyau tana ɗan shiga ta dawo, in ka goga yatsa a kai kana jin tana riƙe ka. Soso kuwa yana lotsawa da sauƙi, ba nauyi, in ya jiƙe zamewa yake. Akwai kuma wanda ya tsufa ya ƙandare, yana sheƙi, in ka ƙwanƙwasa yana ƙara. Wannan ko kyauta aka ba ka kada ka kai shi ruwa. Sai zanen ƙasan. Ba manyan haƙora kake nema ba irin na takalmin hawan dutse, ƙananan tsage-tsage masu yawa sun fi kama jiƙaƙƙen wuri, don suna ba ruwa hanyar fita.

Mariama: Sama fa?

Inusa: Raga. Irin na 'yan gudu, wanda in ka ɗaga shi a rana kana hango haske ta ciki. Ruwa ya shiga ya fita. Fata a'a, tana shan ruwa ta yi nauyi, in ta bushe ta ƙandare ta tsage. Mai kaurin soso a wuya shi ma yana riƙe ruwa yini guda. Amma babban abin da nake so mutanenmu su ji shi ne gam. Takalmin gwanjo ya yi shekaru a wani wuri kafin ya shiga dila ya zo tashar jirgin ruwa ta Tema. Gam ɗinsa ya gaji. A kan titi ba za ka gane ba, sai ya jiƙa na awa biyu, sai ka ga ƙasan ya buɗe baki daga gaba. Maganinsa shumeka. Ka kai masa kafin tafiya ka ce ya ɗinke ƙasan zagaye. Akwai dattijon da nake kai wa a bakin titin Nima, zai sa takalmin tsakanin gwiwoyinsa, ya tsaga 'yar hanya a gefen ƙasan da wuƙa, ya huda da basilla, ya ja zaren nailan mai kakin nan, ɗinki ɗaya bayan ɗaya har ya zagayo. Zaren yana kwanciya cikin tsagar, ƙasa ba ta cin sa. Takalmin da aka yi wa haka, sama zai mutu ƙasa na nan.

Awudu: Ka ga wannan shawarar ta fi duk abin da za ka karanta a intanet amfani a wurinmu.

Mariama: Kasuwar Kantamanto ta dawo sosai kuwa, tun bayan gobarar?

Inusa: Alhamdulillahi, an sake gina rumfuna, ana ciniki. Amma gobarar farkon Janairun 2025 ta karya mutane da yawa, wasu har yau bashi suke biya. In kun zo ku rage taya kaya da wulaƙanci, don Allah. Kuma ku zo da sassafe, lokacin da ake buɗe dila, a nan ake samun na kirki.

Awudu: Allah Ya mayar musu da alheri.

Mariama: Amin. To Yaya Awudu, masu cewa su sandal za su saya fa, irin mai maɗauri?

Awudu: Yana da kyau ƙwarai, in mai maɗauri uku ne: ɗaya kan yatsu, ɗaya kan idon sawu, ɗaya bayan dunduniya. Kin san ma asalin irin wannan takalmin daga kogi ya fito? Kamfanin Teva. Wani mai jagorantar jirage ne a kogin Colorado, a Grand Canyon can Amurka, Mark Thatcher, a 1984. Ya gaji da ganin silifas na bin ruwa, sai ya ƙara masa maɗauri a idon sawu. Daga baya Chaco suka zo a 1989, su ma mai jagorar jirgi ne ya fara, nasu igiya ɗaya ce take ratsa cikin ƙasan takalmin ta zagaye ƙafa, ka ja ta ɗaure. Sai Keen da suka zo da mai rufin roba a gaba don kare yatsu. Wannan rufin nake so. Don duk kyan sandal, babban yatsanka a waje yake, kuma dutse a cikin ruwa ba ya sallama. Farce ya fita, tafiya ta lalace.

Inusa: Suna fitowa a dila jefi-jefi. Amma na jabu sun fi yawa.

Awudu: Shi ya sa ban ce kowa ya tafi neman suna ba. Duba maɗaurin. Mai mannewar nan da ke ƙara in ka ɓalle, in yashi ya shiga cikinta ko ta tsufa, a cikin ruwa sakin ka take. Mai ƙarfe ko mai ƙugiyar roba ya fi. In mai mannewa ce kaɗai, ka tabbata sabuwa ce, ka wanke yashin kafin ka manne.

Mariama: Na taya fa? Wanda ake yankawa daga tayar mota.

Awudu: Afro Moses! Kin san ban raina shi ba. Roba ce ta gaske, ba ta jin ruwa, ba ta mutuwa. In yana da maɗaurin baya mai ƙarfi, ya fi wasu masu tsada. Abu biyu kawai: a duba kada a yi shi da ƙusoshi, don jirgin roba da ƙusa ba sa haɗuwa, ita ma ƙafarka haka. Kuma yana da nauyi, yana iya goge fata in ƙafa ta jiƙa ta yi laushi.

Inusa: Kawu ya ce shi welintin zai sa.

Awudu: Kai! Ka ce masa Awudu na roƙonsa don girman Allah ya bar shi a gona. Dogon takalmin ruwan sama shi ne mafi hatsari a duk abin da muka ambata. Ka faɗa ruwa ya cika, ƙafa ba ta iya bugun ruwa, in za a jawo ka cikin jirgi kuma sai an ɗaga ka da ruwan da ke ciki. Haka manyan takalman sojoji da na masu aikin gini. Iya ruwa fidda kai, kuma ba ka fidda kai da wannan a ƙafa.

Mariama: Ni bari in yi magana a madadin mata, don a rukunin an yi shiru a kai amma an biyo ni ta gefe. Da yawa ba sa son fita ƙafa a buɗe, safa suke sawa. To safar auduga in ta jiƙa tana riƙe ruwa, tana naɗewa, tana goge fata har ta yi bororo. Ku nemi siririya ta nailan irin ta 'yan ƙwallo, tana bushewa da wuri. Akwai kuma safar roba mai laushi da masu ninƙaya ke sawa a ƙasashen sanyi, amma ruwanmu da ɗumi, ba dole ba ce. Sannan doguwar abaya a cikin kwalekwale, ku yi haƙuri, tana naɗe ƙafa. Wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa, hijabi ƙarami a cusa shi cikin rigar ceto. Sutura ta cika, ƙafa kuma ta samu sakewa.

Awudu: Madalla. Kuma safa tana hana ƙunar rana a bayan ƙafa, wanda mutane ke mantawa. Ka zauna a jirgi rana na dukan wuri ɗaya tun hantsi har la'asar.

Mariama: Sai abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Wani ya rubuta wai in ka sa takalmi tsargiya ba za ta kama ka ba. Ba gaskiya ba ne. Ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa ta shiga ruwa, ta huda fata duk inda ruwa ya taɓa, ƙafa ko cinya ko hannu. Takalmin da ruwa ke shiga ba ya tare ta. Kuma yankin Volta an san shi da ita, ta ƙaru sosai bayan da tafkin ya taru, don dodon koɗin yana son ruwa mai kwanciya da ciyayi. Nilu a Yuganda ma akwai ta. Ba ina cewa kada a je ba. A guji tsayawa cikin ciyayin bakin ruwa, kada a bar yara su yi ta wanka a wurin, in an fito a goge jiki da tawul. In bayan wasu makonni mutum ya ji zazzaɓi, ko ya ga jini a fitsari, ya je asibiti ya faɗa musu ya shiga ruwan Volta. Akwai magani, praziquantel, yana aiki. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Inusa: To takalmin me yake karewa ke nan?

Mariama: Yanka. Fasasshiyar kwalba, gwangwani, ƙugiyar masunta, ɓawon adode, wata dabbar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci, da ke zube a bakin ruwa daga nan har Ada, kaifinsa ba wasa ba. Kuma masu ciwon suga a cikinmu, iyayenmu da za su bi mu, su kam ko taku ɗaya kada su yi ba takalmi, kuma rufaffe. Wani ba ya jin yankan ma sai ya ga jini, ga shi raunin ba ya saurin warkewa. In an dawo masauki a duba tsakanin yatsu, a shanya ƙafa sosai.

Awudu: Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so 'yar'uwarmu ta Kumasi ta riƙe, da duk wanda zai shiga ruwa mai gudu. Takalmi mai kyau yana sa mutum ya ji zai iya tsayawa. In ka faɗa daga jirgi, jikinka da kansa zai ce maka nemi ƙasa ka taka. Kada ka yi. In ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, ba a tsayawa. Ƙafa tana iya shiga tsakanin duwatsu biyu ta maƙale, ruwa ya tura ka ta baya ya kifar da kai, fuska a ciki, kuma ƙarfinsa ba ya barin ka ɗago ko da rigar ceto a jikinka. Mutane sun rasu ta haka a ruwan da bai kai ƙirji ba. Abin da ake koya maka tun kafin a tashi: kwanta rigingine, ƙafafu su yi gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsu su leƙo sama, gwiwa a ɗan lanƙwashe. In dutse ya zo, tafin takalminka ne zai same shi, ka tura kanka gefe. Ka ga amfanin ƙasa mai ɗan kauri ke nan. Sai ka isa inda ruwa ya lafa, ko aka jefo maka igiya, sannan ka nemi tashi.

Inusa: A cikin jirgin kuma ina ake sa ƙafa?

Awudu: A gefen jirgi kake zama, ba a tsakiya ba, don haka ƙafarka ce ke riƙe da kai. Ɗaya ka cusa ƙarƙashin bututun iskar da ya gitta jirgin, ɗaya a lungun da ƙasa ta haɗu da gefe. Cusawa kaɗan, yadda in jirgi ya kife za ta fito da kanta. Shi ya sa ƙaton takalmi ba ya yi, yana maƙalewa. Igiyar kambas kuma a ɗaure ta sau biyu a cusa bakinta ciki, kada a bar kunnuwa suna lilo su kama wani abu. Ni abin da na gani a Jinja, mai jagoranmu kafin mu shiga sai da ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya ja rigar ceto ta kafaɗa, ya girgiza hular kwano, ya dubi ƙafa. Wanda takalminsa bai gamsar da shi ba, ya ce a bar shi a mota.

Mariama: Rigar ceton nan, a Atimpoku ma ba sassauci. Ruwan a kwance yake amma yana da zurfi, kuma in an saki ruwa daga madatsa yana ja ta ƙasa. Duk mai kwalekwalen da ba shi da riga daidai yawanmu, har da ƙanana na yara, mu wuce gaba.

Awudu: Ba ciniki a wannan.

Inusa: Yaya, farin kambas ɗin Sallah fa? Samari da yawa shi suke shirin sawa saboda hoto.

Awudu: Su sa a motar haya ta trotro, su ɗauki hoto a kan gada, su ci abolo, turararren ƙullin masarar nan, da 'yan ƙananan kifin nan a tasha, sannan su cire su sa a leda. Kowa ya zo da takalmi biyu. Na ruwa da na komawa gida. A nan cale wote ɗin abokinmu zai yi amfani, in an fito ƙafa ta sha iska, ga sauƙin alwala. Na ruwan kuma in an dawo a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a zare shimfiɗar ciki, a shanya a inuwa inda iska ke bi. Kada a manta shi a leda kwana uku.

Mariama: Warin nan ba ya fita.

Inusa: Kuma rana mai zafi tana sa gam ya saki, shi ya sa inuwa.

Mariama: Mun ce za mu jera wa mutane daga na ɗaya zuwa na biyar, sannan ga tambayar takalmin yara ba mu taɓa ba.

Awudu: Na yara, kada a sayi mai girma wai don ya yi shekara biyu, ruwa zai cire. Daidai ƙafa, mai maɗauri. Jerin kuma...

Inusa: Yaya an fara kiran Magariba.

Awudu: To jerin sai a rukuni, Mariama za ta rubuta. Wanda bai biya kuɗin mota ba ya biya kafin Laraba. Masu son Inusa ya raka su kasuwa, Asabar bayan Asuba.

Inusa: Ƙarfe shida, ba na jiran kowa.

Mariama: Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Awudu: Wassalamu alaikum.